Katin Zaɓe Cikin Dabino

A kamfanin da nake aiki a Khumra, can kudancin Jidda inda babu komai sai manyan ɗakunan ajiyar kaya da gidajen kwanan leburori, ni ne direban ƙaramar a-kori-kurar da mutanen nan suke kira wanet. Aikina kai kaya da ɗauko kaya. A cikin ƙananan aikace-aikacen da aka ɗora mini ba tare da an tambaye ni ba, har da zuwa gidan waya. Ma'aikaci irina ba shi da adireshin kansa a garin nan. Duk takardar da za a aiko wa ɗayanmu akwatin kamfani take faɗawa, makullin akwatin kuwa a zobe ɗaya yake da makullin motata. Yawanci abin da nake tararwa takardun banki ne da tallan da ba wanda ya nema. Wasiƙar gaisuwa kam wayar hannu ta daɗe da kashe ta.

Wata rana na buɗe akwatin na tarar da wani ambulan mai kauri, da tambarin wata ƙasa a goshinsa, da sunan abokin aikina mai tuƙa motar ɗaga kaya. Mutumin Indunisiya ne, irin waɗanda ake kira Jawawa a nan, gajere mai yawan fara'a, ba ya fashin jam'i. Na kai masa lokacin abincin rana, muna zaune kan kwali tsakanin tarin kaya, an baje shinkafa bukhari a leda a tsakiyarmu. Ya goge hannu a wando, ya yi bisimilla, ya farke ambulan. Sai ga takardu manya-manya, ɗaya ta kusa kai sallaya faɗi, cike da hotunan mutane da alamomi. A ciki kuma akwai wani ambulan ɗin da aka riga aka buga masa adireshi.

Na tambaye shi mene ne wannan, da irin Larabcin da muke yi a wurin aiki, wanda ba na Balarabe ba ne, ba kuma na littafi ba. Ya ce zaɓen ƙasarsu ne ya zo. Ya tashi ya zare ƙusa daga jikin wani katako, ya zagaya bayan kwalaye don kada mu ga nasa, domin su huda takarda suke yi, ba dangwala yatsa ba. Bai kai tsawon alwala ba ya dawo, ya ninke takardun, ya liƙe ambulan, ya miƙo mini.

"Bukra inta waddi barid," ya ce, wato gobe in saka masa a gidan waya. Ya koma kan shinkafarsa. Ya kai loma biyu sannan ya ɗago ya tambaye ni ko mu ma ana zaɓe a ƙasarmu.

Na ce ana yi, ya ma kusa.

"Inta kaman barid?" Ni ma ta gidan waya zan yi?

"Mafi," na ce. Babu.

"Ƙunsuliya?" Ko a ofishin jakadancinmu?

"Mafi."

"Lesh?"

Ya tsaya yana jiran amsa da loma a hannu, ba da wata manufa ba, tambaya ce kawai ta mai son sani. Don me? Na sani? Na ce masa ya ci abincinsa kafin ya huce. Washegari na kai ƙuri'arsa gidan waya da hannuna, na jefa ta, na ji ƙarar faɗuwarta. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Na dawo mota na zauna ban tayar ba, raina a ɓace.

Ba wai ba ni da kati ba ne. Ina da shi. A wani hutu da na je gida na yi rajista, na sha rana a layi da sauran bayin Allah, na koma na karɓo shi a hutu na gaba. Tun daga lokacin yana cikin jakar aljihuna, a bayan iƙama, katin zaman nan da ko masallaci ba ka zuwa ba tare da shi ba. Iƙama kullum ana tambayarta, shi kuwa ba wanda ya taɓa cewa in fito da shi. Dokar Nijeriya ta ce in kana son yin zaɓe sai ka kawo kanka da ƙafarka rumfar da ka yi rajista. Tawa rumfar tana firamaren bayan gidanmu, ƙarƙashin darbejiyar da aka yi mini bulala a gindinta ina yaro. Tsakanina da darbejiyar nan akwai Bahar Maliya da Sudan da Chadi.

Wani zai ce to me ya dame ka, kai da kake cin burodin tamis da wake a ƙasar wasu? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba yawon buɗe ido ya kawo ni Jidda ba. Masaƙar da nake aiki a cikinta aka rufe, muna ji muna gani, aka bar injina suna tsatsa, magidanta suka watsu neman abin da za su kai gida. Kuma duk abin da aka yanke a can, a wayata yake sauka. In mai ya tashi, ni ake kira. In asibitin garinmu ya rubuta wa Inna maganin hawan jini a ƙyallen takarda ya ce ta nema a waje, hoton takardar ni ake turo wa. In hanya ta ƙi biyuwa saboda 'yan bindiga, ni ne ba na iya cin abinci sai ƙanwata ta ce sun isa. Jikina ne kawai a Khumra. To a ce mutumin da ake ɗora wa duk wannan ba shi da bakin cewa wane ya hau, wane ya sauka? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na gwada neman hutu. Hutunmu sau ɗaya ne a shekara biyu, nawa kuwa na riga na cinye shi, kuma bizar fita da dawowa sai kafili, wato uban gidan da ya ɗauko ni aiki, ya sa hannu. Na sami muraƙibinmu, wato mai kula da mu a wurin aiki. Bahaushe ne haifaffen unguwar Nuzla a nan Jidda. Kakansa ya zo aikin Hajji a ƙafa ta Sudan, bai koma ba. Mutumin kirki ne, Hausarsa rabi da rabi ce da Larabci. Ya saurare ni har na gama, sannan ya cire tabarau.

"Ya shekh, ijaza saboda intikhabat? Wallahi in na shiga wajen mudir, shugaban kamfani, da wannan kalam zai ce majnuni na kawo masa. Ka ce ummi ba ta da lafiya, Allah ya kiyaye, mumkin a duba."

Na ce ba zan ɗora wa uwata ciwon ƙarya ba, na gaskiyar ma ya ishe ta.

"To halas." Ya mayar da tabarau. "Kai ma ka gode wa Allah ka taɓa ganin sanduƙ ɗin, akwatin zaɓen. Ni jawazina, fasfon nan, kore ne zayyi naka, baladin da ya ba ni shi ban taɓa taka shi ba. Nan kuma ba su sanni ba sai a iƙama. Yalla, akwai kaya na jiranka a Madinar Masana'antu."

Na fita na nufi mota. Ba shi na ji haushi ba. Na ji haushin cewa mutum ya yi furfura da fasfon ƙasa a aljihu, ƙasar ba ta taɓa tambayarsa ra'ayinsa ba ko sau ɗaya, shi kuma har ya daina ganin abin a matsayin rashi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba mantawa aka yi da mu ba. An san da mu sarai. Da zarar zaɓe ya ƙarato, sai Umara ta kama 'yan siyasarmu kamar mura. Jirgi bayan jirgi suke sauka. A wancan karon ma an tara mu wata Juma'a a wani zauren haya a Nuzla, aka ce wani babba daga jiharmu yana son ganawa da 'yan'uwa. Na je, don in ji da kunnena. Ya shigo da sabon aski na fita daga harami, jallabiya fara tas, turare yana riga shi isowa. Aka ci shinkafar mandi aka sha shayi. Ya tashi ya ce mu ne jakadun ƙasa, guminmu ne yake riƙe da gidaje. Ya ce in Allah ya ba su nasara, zaɓe mai zuwa daga nan za mu yi shi. Wani dattijo da ke kusa da ni, wanda ya fi ni daɗewa a Jidda nesa ba kusa ba, ya raɗa mini cewa tun gemunsa yana baƙi yake jin wannan zaɓe mai zuwa.

Sai babban ya zo ga abin da ya kawo shi. Ya ce mu maƙwabtan Ɗakin Allah ne, addu'armu ta fi ƙuri'a nauyi, mu taimaka da ɗawafi. Sannan kowa ya kira gida ya gaya wa waɗanda yake ciyarwa inda za su dangwala. Na ɗaga hannu. Ba a so ba ni dama ba, amma muryata ba ta buƙatar lasifika. Na ce ranka ya daɗe, in addu'a ta fi ƙuri'a, me ya sa ba ku zauna a Harami ranar zaɓen ba, ku bar mana ƙuri'un? Wasu suka yi dariya, wasu suka ce in zauna, wani yaron babban ya zo ya dafa kafaɗata yana murmushin da bai kai ido ba. Babban ya ce tambaya ce mai kyau, za a duba. Na tafi ban jira rabon dabinon da aka ce za a yi ba.

Batun a kira gida kuwa ya ba ni dariya, don bai san Inna ba. Mahaifiyata ba a gaya mata inda za ta dangwala. Tun lokacin da aka fara barin mata su yi zaɓe a wajenmu take fita, kuma sau ɗaya tak ta taɓa fashi, shekarar da take takabar mahaifina. Mahaifina, wanda muke kira Malam, ɗan a-mutun wata jam'iyya ne, ya yi mata hidima har ya koma ga Allah. Jam'iyyar ta sauya suna, ta rabu, ta haɗe da wasu, mutanenta sun yi ta sauya sheƙa, amma Inna tana bin zaren abin yadda take bin dangin miji, ta san wane ne ɗan gidan wane. Duk inda ta ga nan gidan Malam ya koma, nan take. Ni kuwa na daɗe da dawowa daga rakiyarsu, don a zamaninsu aka rufe masaƙarmu. Kowace Juma'a in na kira ta, bayan gaisuwa da tambayar gwiwoyinta, sai mun taɓa. Ta ce nawa ɗan takarar bai san gaisuwa ba. In ce nata ya san gaisuwa, aiki ne bai sani ba. Ta ce, "Ɗan Makka, ka ci shinkafar Larabawa ka ƙoshi." Haka take kirana, don ni ne ɗan fari, ba ta faɗin sunana.

A irin wannan hirar ce na ba ta labarin Bajawen da ƙusarsa. Na yi ta faɗa, ita tana saurare. Da na numfasa sai ta ce, "To ka aiko katin."

Na ce a yi me da shi?

"In yi maka."

Na yi dariya. Na ce Inna ba a yin haka.

"Wa ya ce? Ba kai ka yi wa Malam Umara ba?"

Na yi masa kuwa. Shekarar da na zo, bayan na sauke tawa, na sake ɗaura harami daga ɗakina a Khumra na yi niyya da sunansa. Daga baya na yi wa kakata, mahaifiyar Inna. Mu mazauna nan wannan ba baƙon abu ba ne, kusan kowa yana da mamatan da ake aiko masa da sunayensu. Inna ta tambayi malamin unguwa a lokacin, ya ce mata ya halatta, ladan yana isa. Ta yi kuka ranar, ta yi sadakar waina.

"Malam yana kabari ka tsaya a madadinsa a gaban Ɗakin Allah, aka ce an karɓa," ta ce. "Kai kana raye, aiki ne ya riƙe ka, in tsaya a madadinka a firamare a ce ba a karɓa ba? Gwamnati ta fi Allah tsanani ne?"

Na ce ba haka ba ne, yanzu akwai na'ura, sai ta duba yatsan mutum ko fuskarsa.

"Yatsan ni na haife shi," ta ce. "Fuskar ma tawa ka ɗauko. Ka aiko."

Ba a jayayya da Inna a kai ga ci. Na yi tunanin in ya isa za ta jefa shi cikin kwallar da take ajiye takardun gida, ƙanwata ta yi mata bayani, magana ta wuce. Gara ma ya zauna can, ya fi kusa da rumfarsa. Mu kuma gidan wayarmu daban ne, ba shi da kan sarki. Duk mai saƙo yana jiran wanda ya zo Umara ne. Wata maƙwabciyarmu ta zo a wannan watan, na same ta a masaukinsu kafin su wuce filin jirgi, na ba ta kwalin dabino da man zafi na gwiwa. Katin na naɗe shi a leda na tura tsakiyar dabinon, don kada ya salwanta a hanya. Na ji wani iri da na zare shi daga bayan iƙama, wurin ya yi sako-sako.

Ƙanwata ta yi bayanin, ta sake yi. Ta ce mini, "Yaya, Inna fa ba ta saka katin nan a kwalla ba. Yana ƙulle a bakin zanenta tare da nata." Na ce ta ƙyale ta, ranar zaɓe dai kada ta bar ta ta tafi ita kaɗai.

Zaɓen ya faɗo ranar Asabar, mu kuwa Juma'a ce kawai hutunmu. Ina bakin wata masana'anta ana loda mini kwalaye lokacin da saƙonnin muryar ƙanwata suka fara shigowa. Abin da zan faɗa yanzu daga bakinta na ji shi, wani a saƙo, wani daga baya da muka zauna.

Inna ta yi wanka tun da sassafe, ta sa atamfarta ta zuwa biki, ta ɗauki sandarta. Da aka ga tsufanta aka ce ta wuce gaba. Ma'aikacin da ke riƙe da na'urar ɗan bautar ƙasa ne, Bahaushe daga wata jiha, mai ladabi. Ta kwance bakin zane ta ajiye masa kati biyu a kan tebur. Ya duba ya ce, "Mama, wannan ai na namiji ne." Ta ce na ɗanta ne, yana Makka, ya aiko ta. Ya ce sai dai ya zo da kansa. Sai ta karanta masa karatun da ta yi mini, na Malam da Umara, kalma ba ta canza ba. Layin mata ya ɗauki dariya. Wata ta ce Hajiya ta kawo sabon fiƙihu. Shi ɗan bautar ƙasar bai yi dariya ba. Ƙanwata ta ce ya sunkuyar da kai ya ce, "Mama, wallahi ba ni da amsar maganarki. Ni ma yayana yana waje. Amma in na sa katin nan na'ura ba za ta karɓa ba, ni kuma ba ni na yi dokar ba."

Wani wakilin jam'iyya ya matso, ya ce ta ba shi katin, zai san yadda za a yi. Jam'iyyarta ce ma. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Amana aka ba ni, ba tsintuwa na yi ba." Ta mayar da katina bakin zane ta ƙulle. Aka tantance ta ita kaɗai, aka ba ta takardun mutum ɗaya, ta shiga wurin dangwalawa.

Ƙanwata ta ce Inna ba ta taɓa daɗewa a ciki ba, don alamarsu ko da ido rufe tana gane ta. Ranar ta daɗe har mata suka fara guna-guni. Ta fito, ta jefa takardun, aka shafa mata tawada a farce, suka kama hanyar gida.

Da na ji saƙon da ya ce an yi mata dariya, sai da na ajiye motar a gefen titi. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ta tsaya gaban jama'a tana roƙon abin da wani ya samu a zaune kan kwali, da ƙusar katako, yana cin shinkafa. Hankalinta ne bai kai ba? Hankalinta ya kai. Ta ga mutum yana da haƙƙi, ta ga nisa ya hana shi, ta nemi hanyar da ta sani. Waɗanda aka ɗora wa neman hanyar su ne suka ƙi, shekara da shekaru, alhali sun san hanyar Jidda fiye da ni. Su ya kamata a yi wa dariya a layin nan.

Na kira bayan la'asar, lokacin can azahar ta wuce kaɗan. Ƙanwata ta riƙe mata wayar don mu ga juna. Tana zaune kan tabarma a inuwar rumfa, ta cire mayafi, ƙafafunta a miƙe. Na fara ba ta haƙuri. Na ce ai na faɗa mata, kuma duk wadda ta yi mata dariya in na zo sai ta maimaita a gabana.

"Kai dai da zafin kai, kamar Malam," ta ce. Ta ɗago babban yatsanta ta kawo shi kusa da wayar har ya rufe fuskarta. Tawada ta zauna a gefen farcen, cikin yatsan kuma shuɗi-shuɗi. "Ga shi nan. An yi."

Na ce Allah ya ba da sa'a, ko da yake na san inda ta kai ta.

"Ba ka sani ba. Naka na yi."

Ban gane ba da farko. Ta ce sun ce mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya, ita kuma da biyu ta fito daga gida. Ta tsaya a ciki tana tunanin wacce za ta bari. Ta ce ita ta sha yi, ni kuwa rabona da yi tun kafin a haifi 'yata ta biyu. Kuma ta riga ta ce mini in aiko. Abin da ya ɓata mata lokaci shi ne neman alamar nan tamu, don ba ta taɓa kallonta da niyyar alheri ba. Duka takardun ukun da aka ba ta ta bi ta dangwala wa mutanena, har da wanda ta ce bai san gaisuwa ba.

Na ce Inna ban ce ki yi haka ba. Na ce taki ce, ba wanda ya isa ya karɓe miki ita, ko ni.

"Ba karɓa ka yi ba, ni na bayar. Ka daina ɗaga murya, kana kan hanya."

Manyan motoci suna wucewa suna girgiza wanet ɗin. Ba daɗi na ji ba, in faɗi gaskiya. Gidanmu mutum biyu ne masu kati, masu ra'ayi biyu, shekaru muna gardama a kai cikin raha. Ƙasarmu ta sa ɗaya ya yi shiru don a ji ɗaya, kuma wadda ta yi shirun ita ce wadda ba ta taɓa gajiya da fita ba. Wanda na so bai ma ci ba, kuma ba wannan ne ya dame ni ba.

Kafin mu yi sallama ta sa ƙanwata ta ba ta wayar a hannunta, ta kai bakinta kusa, ta rage murya yadda take yi in ba ta son matan gida su ji.

"Ɗan Makka, Juma'ar nan za ka shiga Harami?"

Na ce in sha Allah.

"To ka yi wa Malam addu'a. Ni ma ka roƙa mini gafara, don tun da ya kai ni layin zaɓe da kansa ban taɓa saɓa masa a akwati ba sai yau." Sannan ta ƙara da cewa, "Ba sheƙa na sauya ba. Aike ne."

Ranar Lahadi da safe Bajawen ya tare ni a bakin ƙofar wurin aiki, ya ga labarin zaɓenmu a wayarsa. Ya tambaye ni da fara'arsa ko an samu hanya, ko tawa ta isa. Na ce ta isa. Ya ɗaga mini babban yatsa, ya hau motarsa. Ban iya yi masa bayanin sauran ba, Larabcinmu na wurin aiki bai kai nan ba. Na ɗauki makullaina na tafi gidan waya.